Na'urar da Ke Kwaikwayon Haushinku

To, 'yan gardama, na ga kun fara taɓe baki. Wai injiniya ya zauna gaban kwamfuta ya auna ƙugin cajar da ko ƙera ta ba a yi ba? Ai kun san ƙugin. Ku jona cajar arha kusa da rediyo ana labarai a gajeren zango, ku ji yadda take cinye muryar mai karantawa. Sai ku hau zagin rediyon, alhali ba ruwansa.

Tun 1934 aka kafa kwamitin CISPR saboda irin wannan rigima, kuma shi ya tsara yadda na'urar aunawa za ta kasance, adadi bayan adadi. Daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, inda tashoshinku suke, faɗin abin da take saurara a lokaci ɗaya kilohaz 9 ne. Ma'aunanta kuwa kowanne da halinsa. Ɗaya ƙololuwa yake kamawa, ko sau ɗaya aka yi ƙara ya riƙe. Ɗaya matsakaici yake ɗauka. Na uku, kwazi-fik, shi ne gwanina: ma'aunin lokacin cikarsa milisakan 1, na saukarsa milisakan 160. Ƙarar da ke zuwa jefi-jefi ba ta samun maki sosai, wadda ke zuwa ba ƙaƙƙautawa kuwa ta tara. Haka kunnen mai sauraro yake jin haushi. Ashe ku ake kwaikwayo, har da mitarku!

Abin da aka riga aka rubuta da lissafi, me zai hana kwamfuta ta bi? Da manhaja irin SPICE, wadda ta fito daga jami'ar Berkeley a 1973, sai a zana da'irar cajar, a ɗauki igiyar wutar da take fitarwa, a tace, a bi ta cikin wannan cika da sauka.

Na ji ka, Alhaji, daga can baya: "Kwamfuta ai abin da aka gaya mata ta sani." Ka yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. In an manta tsawon waya ko yadda aka jera kayan a allo, za ta yi ƙarya hankalinta kwance, kuma takardar shaida sai ɗakin gwaji. Amma a can kwazi-fik na gaske yakan tsaya kusan daƙiƙa ɗaya a kowane zango, zangunan kuma dubbai ne, ɗakin kuma haya ake biya. Kai da ke yin rabin awa kana cinikin albasa, sau nawa za ka yarda cajarka ta faɗi a can?