Zuwa ga Sinyo, Sarkin Garmahon Zazzau

Sinyo, ina gajiya? Ko Turawan naka suna can suna kururuwa a falo, ba ka jin sallama?

Zagezagi dai sai a bar ku. Wata uku kacal aka tura ka kwas Italiya, yau shekara ashirin, amma har yanzu ba ka sauko daga jirgin ba. Mutanen kirki suna dawowa da takalmi da agogo, kai ka dawo da akwati shaƙe da faya-fayai. Tun daga ranar Uwargida ba ta sake samun barcin rana ba, kajin gidan ma sun yi ƙaura zuwa maƙwabta.

Ban manta ranar da na zo maka yini ba. Tuwo na rufe a kwano, ina jin ƙamshin man shanu, ka ce ba mai taɓawa sai na ji opera. Na ce mece ce opera? Ka gyara zaman tabarau, ka ce wasan kwaikwayo ne da ba a magana a ciki, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. Na ce ashe tashe ne, ka yi kamar ka kore ni.

Ka fara da La bohème ta Puccini, ɗaukar 1972 a Balin, Karajan riƙe da sanda, Pavarotti da Mirella Freni suna waƙa. Har ka tsayar da faifan don ka sanar da ni su biyun 'yan Modena ne, haihuwar 1935, kamar kai ka raɗa musu suna. Labarin kuwa: yarinya mai tarin fuka, ɗaki ba wuta, saurayi ba ko sisi. Ta mutu. Ka ɗora La traviata ta Verdi, wata mai tarin fukan, ita ma ta mutu. Abin da ya ɗaure mini kai, huhu ya ƙare amma murya ta fi ta mai guɗar biki. Sai Aida, wadda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, Leontyne Price ce a faifan naka: 'yar sarkin Habasha, ta je ta ɓuya a kabarin da za a rufe saurayinta da rai. Sinyo, a duk akwatin nan babu wadda ta kai ɗakin miji lafiya?

Na Vivaldi ma ka sa mini, gogen I Musici na 1955, ka ce yanayi huɗu ne na shekara. Na kasa kunne a hunturunsa, ban ji ƙura ba, ban ji kaushi ba. Wuce nan.

Amma inda ka ba da ni shi ne Turandot. Ka ce ga waƙar da Pavarotti ya girgiza duniya da ita lokacin gasar ƙwallo ta 1990, wadda Kamaru ta lallasa Ajantina a Milan, kuma sunan waƙar na nufin kada kowa ya yi barci. Kafin mutumin ya ja numfashin ƙarshe na waiwaya, ga Sarkin Garmaho ya saki baki, tabarau a kan ciki, minshari na amsa amshi. Allah ya ja zamanin sarki.

Mutum ɗaya na girmama nan take, Caruso. A 1902, a ɗakin otal a Milan, ya tsaya gaban ƙahon ɗaukar murya ya yi waƙa goma a zama ɗaya, ya karɓe fam ɗari ya kama gabansa. Kai kana cewa in ji taushin murya a bayan ƙarar suyar da faifan ke yi, ni ina lissafin fam goma kowace waƙa. Da a Kano aka haifi wannan, da yana da layi guda a Kantin Kwari.

To, yanzu zauna da kyau. Faifan Tosca da kake ta nema, har ka zargi yara, ka zazzage ƙarƙashin kujeru, ka daina gaisa mai wanki: yana motata. Ba sata na yi ba, Bakano ba ya sata a gidan Bazazzage, haraji yake karɓa.

Na sa shi ne a hanyar komawa don in sami abin yi maka dariya. Ɗaukar watan Agusta na 1953 a La Scala, Victor de Sabata ke jan makaɗa, Maria Callas da Giuseppe di Stefano da Tito Gobbi. Gobbi shi ne Scarpia, shugaban 'yan sandan Rum, yana cin abincin dare ana gana wa saurayin Tosca azaba a ɗakin kusa. Murya lumus, irin ta mai bin bashin da ya san ba ka da mafita. Ya ce mata in tana son ran saurayin, ta san farashi. Ban san ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba, amma wajen Kwanar Ɗangora, da Callas ta ɗauki wuƙa daga teburinsa ta kafta masa, muryarta ta koma ƙasa kamar ana jan ƙarfe a dutse, sai da na gangara gefen titi na kashe mota. Wani mai rake ya leƙo yana tambaya ko lafiya, na ce masa ƙura ce ta shiga idona.

Kada ka yi murna. Ita Callas ɗin da kake tinƙaho da ita ba 'yar Italiya ba ce, 'yar Girka ce haihuwar Niyok. Wata ukunka ba su da hannu a ciki. Kuma ita ma Tosca ba ta tsira ba: an harbe saurayin da harsashin gaske, ta faɗo daga saman ganuwa.

Faifan biyu ne a kwalin, na biyun na ɗauko, kai na bar maka na farko inda kowa ke da rai tukuna. Ka ba direban tasha ya kawo mini shi ranar Juma'a, ina so in ji yadda rigimar ta faro. Kuɗin mota kuma kai za ka biya. A gaida Uwargida, ka ce mata na rage mata ɗaya.