Karen Alhaji Ya Daina Cin Tuwo

A jihar da ta yi suna da shinkafa, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi takanas a watan Nuwamba na 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance, yanzu an samu wani mahaluki da aka haramta wa hatsi. Ba mai ciwon suga ba ne, ba kuma wanda boka ya gindaya wa sharaɗi ba. Kare ne. Karen Alhaji.

Kun san irin Alhajin da nake nufi. Ya yi shekaru a Abuja, ya dawo ya gina gida a kan hanyar Kalgo, katanga ta fi ta gidan yari tsawo, an yi mata rawani da waya mai ƙaya. Gida irin wannan ba ya cika sai da kare, kuma ba karen unguwa mai kunne ɗaya a yage ba. Sai wanda aka sauko da shi daga Legas ko Jos, da suna na Nasara da takardar haihuwa, abin da kakan Alhaji bai taɓa mallaka ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abincinsa ta intanet ake odarsa. A jikin buhun akwai hoton kyarkeci tsaye bisa dutse cikin ƙanƙara, an rubuta a ƙasa: babu masara, babu alkama, babu shinkafa, furotin kuwa har ya yi yawa.

Hujjar masu sayarwa gajera ce kuma tana da daɗin ji. Kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci ba ya noma, saboda haka hatsi baƙo ne a cikin kare. Alhaji ya haddace wannan karatu, yana biya wa baƙi shi bayan la'asar.

To amma masana sun riga sun leƙa cikin karen. A 2013 wasu masu bincike na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin, ƙarƙashin Erik Axelsson, sun buga sakamakonsu a mujallar Nature. Sun gano cewa ƙwayar halittar da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, kyarkeci biyu yake da ita, kare kuwa yana da daga huɗu har zuwa talatin. Dubban shekarun da ya yi yana zagaya bayan madafi yana jiran a zubar da ragowa ba su tafi a banza ba: jikinsa ya koyi cin abincin manoma. Duk tsohuwar da ta taɓa kankare ƙanzo a Gwandu ta watsa wa kare ta san haka, illa dai ba ta da mujallar da za ta buga.

Tsoron hatsin ma yana da tarihi. A 2007 karnuka da kuliyoyi da yawa sun mutu a Amurka bayan sun ci abincin da aka haɗa da wani sinadarin alkama da aka shigo da shi daga ƙasar Sin, wanda aka yi wa algus da gubar melamin. Mai algus ne ya yi laifi, alkama ta ɗauki zunubi, 'yan kasuwa kuma suka ga ƙofa a buɗe. Ba su tuna wa kowa ba cewa biskit ɗin kare na farko da aka fara sayarwa, wanda wani Ba'amurke James Spratt ya ƙirƙiro a Landan wajajen 1860, da garin alkama aka kwaɓa shi.

Yanzu ku juya buhun Alhaji ku karanta ƙananan rubutun baya, wanda ba ya karantawa saboda tabaransa na ado ne. Busasshen abincin kare ba ya dunƙulewa sai da sitaci. Da aka kori masara, me aka zuba a gurbinta? Dangin wake da dankalin Turawa. Wato garau-garau ne aka cire wa shinkafa, aka busar, aka sa masa farashi da dala.

Kuma waken nan bai bar masu shi sun yi barci ba. A watan Yuli na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana binciken wani ciwo da ke sa zuciyar kare ta buɗe ta raunana, wanda aka riƙa gani a jinsunan da ba a saba ganinsa a cikinsu ba. A Yunin 2019 ta lissafa sunayen abinci iri 16 da aka fi ambata a ƙorafe-ƙorafen, ta ce sama da kashi 90 cikin ɗari na abincin da aka kai ƙara marasa hatsi ne, kuma galibi akwai dangin wake a ciki. A ƙarshen 2022 hukumar ta ce rahotannin da ke hannunta ba su isa a ɗora wa abincin laifi kai tsaye ba. Adalci ya sa in faɗi wannan. Sai dai mutumin da ya biya kuɗin buhun gero da yawa don ya tsere wa haɗarin da babu shi, ya sayo wanda likitocin dabbobi ke ta muhawara a kai, ya cancanci a jinjina masa.

Batun furotin kuwa, ma'aunin da ake bi a Amurka ya ce mafi ƙarancin abin da baligin kare ke buƙata shi ne kashi 18 cikin ɗari na busasshen abinci, ɗan kwikwiyo kashi 22 da rabi. Buhun Alhaji yana alfahari da talatin da wani abu. Karen da ke bin zomo tun asuba zai iya cin moriyar wannan. Karen Alhaji fa? Aikinsa kwanciya ƙarƙashin mota yana haki, domin gashin da ke jikinsa an halicce shi ne don sanyin wata duniya, ba zafin Kebbi na watan Afirilu ba. Abin da jiki bai buƙata ba yakan zama kitse, saura kuma ƙoda ta tace shi ya fita. Kuɗin Alhaji a jikin tayar motarsa suke ƙarewa kowace safiya.

Wanda ke auna wannan abinci da kofi, maigadi ne. Shi kuma karin kumallonsa gari ne da ruwa, in an yi sa'a da ƙuli. Shi ne ya fi kowa sanin sirrin gidan, domin da dare in ya buɗe kwanon tuwon da aka aiko masa daga ciki, ɗan gatan yakan bar kwanonsa na silba ya zo ya zauna gabansa yana kaɗa bindi. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga kare fa tuwo shika so," Alhaji ya kalle shi ya ce, "Malam, kai gadi aka ɗauke ka ko likitanci?" Tun daga ranar suke raba tuwon a ɓoye, kuma karen ya yi kyau, Alhaji yana yaba wa buhu.

Kada mutanen ƙauye su yi saurin dariya, da su ma nake. A garin Malam Abdullahi bin Fodiyo ba a buƙatar a koya wa kowa cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk dabbar da ka ajiye cinta na wuyanka. Amma je ka ga Duna, karen farauta. Da rani, lokacin da ake buƙatarsa, har romo yake sha. Damina na sauka sai a sallame shi ya nemi na kansa tsakanin bola da mayanka, haƙarƙarinsa ana ƙirga su daga nesa. Gaya tsura ba ta riƙe kare. Yana buƙatar rabonsa na kayan ciki, ko kifi, ko ƙwai, kuma a jihar da ake bikin kamun kifi na Argungu bai kamata a ce kan kifi ya gagara ba. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Albasa kuma, wadda maƙwabtanmu na Aliero suka cika ƙasa da ita, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffa. Mai juye wa kare ragowar miya da ta ji albasa ba gata yake yi masa ba.

Wuri ɗaya ne Alhaji da mafarauci suka haɗu suka yi musabaha: allurar rigakafi. Tambayi ɗaya daga cikinsu yaushe rabon karensa da ita. Mafarauci zai ce ya ba shi laya. Alhaji zai nuna maka buhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamun suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan yanke. Ba sai an jira jirgin ruwa ba, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin maganin a gida Najeriya.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ka ci gaba da odar buhunka in ranka na so. Amma kafin 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da wannan cuta, ka sa a kai karen wurin likitan dabbobi a yi masa allura, ka biya wa Duna na maƙwabcinka shi ma, sannan ka ƙara wa maigadi albashi, tunda tuwonsa mutum biyu ke ci.