Caji Ofis a Shetimari

Ni mutumin Damagaram ne, bokona na Faransanci, amma finafinan Kano sun sa ina jin Hausar Najeriya a tafin hannuna take. A cikinsu na tsinci "caji ofis", na yanke wa kaina cewa shagon da ake sa wa waya caji ke nan. In ba shi ba, me zai zama?

Sayen jan tattasai ya kai ni Shetimari, a kan babbar hanya kafin a shiga Diffa. A bakin Komadugu Yobe ake nomansa, kogin da ya raba mu da Najeriya, shi ya sa naira da sefa duk suna ci a kasuwa. Batirin wayata kuwa ya ƙare tun Maine-Soroa, ga lambar maigidana a ciki, shi ne mai yanke farashi.

Dillalin dattijo ne daga Damasak. Ciniki ya yi nisa, na gyara hula na ce, "Alhaji, bari in je caji ofis in dawo."

Ya saki bakin buhu. "Malam, me ya yi zafi?"

"Ai dole ce, ya mutu."

"Wa ya mutu?"

"Tun a hanya. Yana nan tare da ni."

Yankin da aka sa wa dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, har aka hana hawan babur, ba a wasa da zancen hukuma a cikinsa. Kafin in rufe baki mai shayi ya tuna yana da uzuri, direban da ya kawo ni ya yi bayan mota yana waya ƙasa-ƙasa. Sai da na zaro gawar daga aljihu Alhaji ya sauke numfashi, ya ce, "Ɗan nan, caji ofis wurin 'yan sanda ne. Kwamisariyarku."

Wani yaro ya ja ni rumfar mai caji: farantin sola a kan rufi, batirin mota a ƙasa, allo cike da wayoyi, kowace da lambarta a manne. Dala ashirin na biya, dariya kyauta. Mai rumfar har da sara mini.

Wayar na kamawa sai ga kiran uwargida, tana kuka. Direba ya riga ya kai labari Damagaram cewa an same ni da gawa, kuma kawuna ya kama hanya da kuɗin beli.