Doka Ta Ƙarshe Wallahi

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ayyukan da ba a tunawa da su sai ranar da suka taɓa aljihun mutum: kasuwa, tasha, mayanka, rajistar haihuwa da mutuwa, da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, 23 a jihar Sakkwato, kowace da kansilolinta, kuma kowane kansila yana son ya koma mazaɓarsa ya ce da hannunsa a dokar kaza. Abin da tsarin mulkin ya manta shi ne wanda zai buga dokar. A yankinmu na Sabon Birni da Isa, nauyin yakan faɗo kan irinmu masu shagon buga takardu, domin kwamfutar ofis in ba ta lalace ba, to mai riƙe da mabuɗin ɗakinta ya tafi Sakkwato.

Haka akawun majalisar wata ƙaramar hukuma ya iske ni a ƙarshen daminar 2021 da daftarin dokar kuɗin shiga, rubutun hannu, Turanci da fassararsa ta Hausa. Ba zan faɗi wace ƙaramar hukuma ba ce. Yankin ƙarami ne, kuma ina da 'ya'yan da zan aurar. Ya ce, "Malam, aikin yini guda ne. An yi karatu na biyu, kwamiti ya gama, bugawa kawai ta rage." Na buga, na sa wa fayil suna "Doka", na shafa.

Washegari da hantsi sai ga wani Honarabul, babbar riga na jan ƙasa.

"Malam, mi nika ji? Amalanke naira ɗari biyar? Mutanena da amalanke suka ci suka sha. Mai da shi ɗari biyu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai kwamiti ya riga ya..."

"Wane kwamiti? Ai ni ne kwamitin."

Na mayar, na adana da suna "Doka gyara". Bai kai bakin titi ba wani Honarabul ya shigo, shi mazaɓarsa a bakin gulbi take. Ya ce a cire kwalekwale gaba ɗaya, don a rani ko kaza tana ƙetare gulbin da ƙafa, ba a karɓar kuɗin shekara kan sana'ar wata uku. Hujja ce mai kyau, har ni na gamsu. "Doka gyara 2". Bayan la'asar shugaban majalisa, wato Lida, ya aiko direbansa da kwafin farko, ya bi shi da koren biro: amalanke ta koma ɗari biyar, an ninka kuɗin shaguna. "Doka ta ƙarshe". Akawu ya dawo da nasa kwafin, wanda bai san da gyaran kowa ba, ya gyara waƙafi da lambobin sashe. "Doka ta ƙarshe ta gaskiya". Kafin mako ya zagayo akwai "Doka ta ƙarshe ta Lida", da "Doka kada a taɓa", da "Doka ta ƙarshe wallahi". Kowane babba da ya fita daga shagon da kwafinsa a aljihu yake fita, kuma a ransa wannan kwafin shi ne dokar.

Mu Gobirawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808, ga Sarkin Gobir a Tsibiri kusa da Maraɗi, ga shi a Sabon Birni, ga shi a Isa, ga shi a Gwadabawa, kuma duk fadar da ka je za a yi maka bayani mai gamsarwa.

Mai karatu zai ce a duba ranar da aka adana kowane fayil mana, a ɗauki na baya-bayan nan. Ni ma haka na ce. Sai dai a cikin akwatin kwamfutar tebur akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, shi ke riƙe mata agogo in an kashe wuta. Nawa ya mutu tun tuni. Duk safiya in na ja janareto, kwamfutar takan farka a ranar ɗaya ga Janairun wata shekara da ta daɗe da wucewa, ƙarfe sha biyun dare. Saboda haka duk dokokin nan rana ɗaya aka haife su, tsakaninsu minti kaɗan, kuma "Doka ta ƙarshe" ta girmi "Doka gyara". Ga shi a watan Satumban shekarar ne gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Ba damar kiran akawu a tambaye shi wanne ne wanne. Mai son waya sai ya nemi tudu ya kamo layin Nijar, ni kuwa ba zan hau tudu da layin wata ƙasa in tattauna kuɗin amalanke ba.

Yaron shagona, wanda ya yi difloma a Sakkwato, shi ya ce a kwantar da hankali. Ashe tun ranar farko ya kunna wata dabara a cikin Word mai bin sawun gyara: duk abin da aka goge ba ya tafiya, ja masa layi kawai take yi, abin da aka ƙara kuma ta sa masa launi. Ni ma duk gyaran da aka kawo nakan ce masa, "Rubuta a gefe wanda ya ce a canja da dalilinsa, kada mu manta." Yana rubutawa yadda na faɗa, ni kuma da bakin shago nake faɗa. Ya ɓoye duk wannan daga allo don kada ya rikita ni. Ya ce a Amurka majalisar birnin New York tana da manhaja mai suna Legistar: ƙuduri lamba ɗaya yake ɗauka har abada, in an gyara shi sai a liƙa wa lambar harafin A, in an sake a sa B, tsohon yana nan kowa na iya buɗewa. Na ce to, su ba su da Honarabul mai shigowa da hantsi. Kuma kada a ce abin na ƙauye ne. A Janairun 2016 Majalisar Dattawa a Abuja ta kwana biyu tana cacar baki kan kasafin kuɗin ƙasa, wai kwafi biyu ne ke yawo, sai da shugaban ƙasa ya aiko da wasiƙa kan wanda za a yi aiki da shi. In tiriliyoyin naira sun iya rikicewa, ina ga baro.

Muka zauna da yaron muka haɗa gyare-gyaren a fayil ɗaya, tsaf. Ana gobe zaman majalisa hodar firinta ta ƙare. Na ɗauki filashi na shiga motar Isa da sassafe, don a lokacin hanyar ba ta yamma ba ce. Mai shagon can ya buɗe fayil ɗin a tasa kwamfutar, ni kuma na fita neman fura. Abin da ban sani ba, Word in ya buɗe takarda a wani wuri, duk abin da aka ɓoye fito da shi yake yi, kuma da shi yake bugawa. Na dawo na tarar an haɗa kwafi-kwafi an sa a ambulan. Na leƙa na ga rubutun ya ƙanƙance ya matsa gefe ɗaya, na ce mutanen Isa akwai tattalin tawada.

Ranar zama na je na zauna a bencin baya, don an ce a ranar za a sallame ni. Akawu ya miƙe karatu na uku. Mutum ne mai karatu da murya ɗaya, idonsa na gaba hankalinsa na biye, duk abin da ke kan takarda haƙƙinsa ne ya karanta.

"Sashe na huɗu. Amalanke, naira ɗari biyar, ɗari biyu, ɗari biyar. Honarabul ya ce a rage, amalanken surukinsa sun fi na kowa yawa. Lida ya ce a mayar, wai Honarabul bai zo sunan ɗansa ba."

Zauren ya yi tsit. Akawu ya ɗauka natsuwa ce, ya ƙara murya.

"Sashe na biyar. Kwalekwale. An cire. Na bakin gulbi ya ce a cire, kuma har yau bai biya kuɗin katin auren ƙanensa ba."

Honarabul mai amalanke ya miƙe hularsa a hannu. "Ranka shi daɗe, wa ya rubuta wanga abu?" Lida ya dubi akawu, akawu ya dubi takarda, takarda kuma a saman kowane bayani ta sa sunan mai kwamfutar, wato sunan shagona, har da "da 'Ya'yansa". Na duba ƙofa, ɗan sanda na tsaye a bakinta yana dariya har yana riƙe ciki. Na miƙe na ce, "Allah shi ba ku nasara, ni dai abin da aka faɗa mani na adana, ko harafi ban ƙara ba." Wannan magana ba ta taimaka ba. Na bakin gulbi ya rantse ya biya rabin kuɗin katin, wani ya nemi a karanta sauran sassan don a ji na kowa, mutum huɗu suka yi tsalle suka ce a'a. Ban taɓa jin majalisar ta haɗa baki da sauri kamar ranar ba: aka yarda a koma daftarin akawu na farko, na rubutun hannu, aka tattara kwafin Isa aka kulle a durowa. Maganar sallamata ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

Amma kwafin da ke aljihunan manya ba wanda ya karɓe su. Na tasha daban, na kasuwa daban. Bayan 'yan makonni mai karɓar kuɗin shaguna ya tsaya a ƙofata da rasit, ya faɗi kuɗi ninki biyu. Na ce wannan ai gyaran koren biro ne, an soke shi a gabana. Ya zaro takarda a ninke daga aljihu, na gane ta tun daga nesa, "Doka ta ƙarshe" ce.

"Malam, wa ya buga wagga takarda?"

Na ce ni.

"Akwai kuskure cikin aikinka?"

Na dubi masu jiran a buga masu takardun neman aiki, su uku a kan benci, duk sun zuba mani ido. Na ce ban taɓa kuskure a aiki ba.

Ya yage rasit ya miƙo.