Ku Bar Ni da Jirgina, Ku Ma Kun Yi Motar Kara

Tun da labari ya bazu cewa akwai wani magidanci a Durumi, mai gemu har da furfura jefi-jefi, da ke rufe ƙofa bayan sallar isha'i yana haɗa jirgin yaƙi na roba, wayata ba ta huta ba. Magidancin nan ni ne, kuma ko gezau. Wani ya ce a nemo min mai ruƙiyya tun abin bai yi nisa ba. Wata Hajiya ta ce uwargidana take tausaya wa, wai gara a yi mata kishiya mai rai, ko ba komai za ta taya ta wanke-wanke. To, ku gyara zama, yau ranar ramuwa ce.

Da bawana Bakano zan fara, don ya fi kowa zaƙewa. Tambayarsa ɗaya ce tal: "Malam, in ka gama nawa ake sayarwa?" Allah Sarki Bakano, ko jinjirin wata ka nuna masa sai ya tambaye ka nawa ne dozin. Ba a sayarwa, Alhaji. Ajiyewa ake yi a kalla. Na san wannan magana ta yi wa ɗan Kantin Kwari nauyi, sha ruwa tukuna. Sannan ka matso, ni ubangidanka Bazazzagi in koya maka tarihin garinku kyauta. Jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya a Kano suka sauka, guda 3 na sojan saman Ingila, a watan Nuwamba 1925, daga Masar. A watan Agusta 1967 kuwa, yaƙin basasa na ci, manyan jiragen dakon kaya suka sauke jiragen yaƙi ƙirar Rasha samfurin MiG-17 a filin jirgin Kano, a kwankwance, aka haɗa su a can. Ka ji ko? Sana'ar da kake yi wa dariya a ƙofar gidanku aka fara ta, nasu dai na ƙarfe ne, nawa na roba. Har gobe a Kano ake koya wa matasan hafsoshi tuƙa jet da L-39. Mu kuwa a Zariya tun 1964 muke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, don haka jirgi ba baƙonmu ba ne.

Sai masu cewa wasan yara ne, su ne suka fi yawa. Ina jin kun ɗauka irin jirgin nan ne mai batir da ake saya wa yaro da sallah a kasuwar Wuse, ya yi ƙara kwana biyu ya mutu. Ba shi ba ne. Kwali ake saya, daga kamfanoni irin su Airfix na Ingila, Tamiya da Hasegawa na Japan, ko Trumpeter na Sin. In ka buɗe ba jirgi za ka tarar ba, gutsattsarin roba ne masu launin toka manne a jikin firam, kowanne da lambarsa, da takardar zane mai nuna wanne ke shiga wanne. Kuma komai a kan awo yake. Awon da ya fi shahara shi ne 1/72, wato ƙato mai tsawon ƙafa 6 ya koma inci 1. Alpha Jet, wanda Faransa da Jamus suka ƙera tare, sojan samanmu kuma suka fara karɓarsa a farkon shekarun 1980, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 9.11 ne. A teburina sai ya dawo santimita 12 da rabi da 'yan kai. In a awon 1/48 ne, kusan 19. Ma'ana, a awon 1/72 kuskuren milimita 1 a hannuna ya haura santimita 7 a jikin jirgin gaske. Wane yaro ne zai zauna wa wannan lissafi?

Daga mazaunin matuƙi ake farawa, don da zarar an rufe gangar jiki hannu ba ya sake shiga. A nan za ka ga dattijo ya sa tabarau biyu, yana ɗiga fenti da tsinken sakace a kan agogunan da ke gaban matuƙi, yana yanka tef siri-siri ya yi wa kujera bel. Kafin a rufe, dole a cusa nauyi a cikin hanci, 'yar dalma ko ƙananan noti. Wanda ya manta, ranar da ya kafa ƙafafu jirginsa zai zauna daɓas a kan wutsiya, hanci a sama, kuma babu gyara sai an fasa. Gam ɗin ma ba irin na liƙe takalmi ba ne. Narkar da fuskokin robar biyu yake yi su zama abu ɗaya, shi ya sa in ya yi yawa ka dafa da yatsa, shatin yatsanka ya zauna a fiffike ke nan. Bayan haka sai cike tsaga da fila, a goge da samfefa, a sake cikewa, a sake gogewa, har layin haɗin ya ɓace. Aikin fanel bita ne na Apo sak, sai dai ni motar da aka kawo min ba ta kai tafin hannu ba, kuma babu mai ita da zai zo ya tsaya min a ka. Murfin gilashin kan matuƙi kuwa, kada ka kuskura ka kai masa sufa gulu. Tururinsa kaɗai ya isa ya mai da shi fari fat.

Fenti shi ne inda Durumi ke nuna min hali. Ba a lafta shi, shafa ake yi sama-sama, a jira ya bushe, a ƙara. To ga hunturu, ga lungunanmu da kwalta ba ta kai ba, ga masu babur suna tayar da ƙura tun asuba. Ka shafa fenti ka juya baya, ka dawo ka tarar fiffike ya yi gashi. Maganinsa kife masa roba, kuma a nan ne robobin kicin suka fara ɓata a gidana, maganar da har yanzu ba a rufe ta ba. Da damina kuma laima ce ke sa man ƙyalli ya yi hazo. Masu hali suna fesawa da ɗan injin iska, amma injin wuta yake so, wuta kuwa kun san halinta, don haka buroshi da fitila mai caji su ne abokan tafiya. In fenti ya zauna, sai a tsinka baƙi da tina a zuba a layukan jikin jirgi su fito, a yi ɗan baƙin hayaƙi a bayan injin, don jirgin da ya yi aiki ba ya zama fes.

Ga inda abin ya fi yi min daɗi, kuma ya fi ba ni haushi. Ka sayi kwalin Alpha Jet, galibi tambarin Faransa ko na Jamus za ka tarar a ciki. Ka sayi MiG-21, irin wanda muka fara samu a 1975, za ka ga na Rasha da na wasu ƙasashe birjik. Namu da'irar kore-fari-kore, da lambar da ke farawa da NAF, sau da yawa sai ka yi oda ta musamman ko ka yanka tef ka zana da hannunka. Daga nan bincike ya kama ka. Sai ka gano Alpha Jet na Jamus hancinsa tsini ne, na Faransa a dunƙule, kuma Najeriya ta mallaki iri biyun, don haka sai ka zaɓi jirgi ɗaya tak ka bi hotunansa. Sai ka gano an sayo Jaguar 18 daga Ingila a shekarun 1980, ba su daɗe suna tashi ba aka jingine su a Makurdi. Sai ka san F-7 daga Sin ya zo, JF-17 guda 3 kuma daga Pakistan a 2021. Ku da kuke dariya, ranar 1 ga Oktoba in jirage suka keta sararin Abuja, me kuke cewa? "Ga jet can!" Shi ke nan iliminku. Super Tucano ma, mai farfela a hanci, jet kuke ce masa. Hedikwatar sojan sama tana nan Area 7 a Garki, ba nisa da mu, amma rabinku ba su san a 1964 aka kafa rundunar ba.

Wani Injiniya kuma, wanda bai taɓa canza ƙwan fitila da kansa ba, ya rubuto cewa in da gaske nake in ƙera mai tashi. Ranka ya daɗe, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Masu ƙera mai tashi suna nan. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa. Sojan sama sun fito da marasa matuƙi nasu, Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a sana'arsu sai an sassaƙa samfur an zagaya shi an duba kafin a taɓa ƙarfe. A 1942 ma sojan ruwan Amurka 'yan makaranta suka roƙa su sassaƙa musu ƙananan jirage 500,000 a awon nan na 1/72, don a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba. Ba ina cewa duk mai liƙa roba zai zama injiniya ba. Cewa nake ido da hannun da suka saba da milimita ba su yi asara ba. Kai kanka Injiniya, rantse ba ka taɓa feƙe kara ka yi mota ba, ba ka taɓa bin bola neman gwangwanin madara da silifas ɗin yanka taya ba. Kun yi motar kara, kun yi ta langa-langa, har faɗa kuka yi a kan wa ya fi iya sitiyari. Girma ya zo kuka koma kallon ƙwallon Turai kuna ihu a kan mutanen da ba su san da zamanku ba, ni ne kuma mai buƙatar ruƙiyya.

Wani Allah gafarta Malam ya yi tambaya cikin ladabi, ko wannan bai shiga babin sura ba. Malam, kai ne masani, ni ɗalibi ne. Abin da muka ji daga bakinku shi ne maganar ta fi tsanani a kan mai rai, jirgi kuwa ba ya numfashi. Akan sa ɗan mutum-mutumin matuƙi a wasu kwalaye, ni kuwa a kwalin nake barinsa, don kujerar da na sha wahalar yi wa bel ta fito a gani.

Mutum ɗaya ne ba zan zolaya ba. A nan Durumi, kusa da Area 1, akwai sansanin 'yan gudun hijira, yawancinsu mutanen Gwoza da wasu sassan Borno. Wanda ya fito daga can, in ya ce min jirgin yaƙi ba abin ado ba ne, shiru zan yi in saurara. Shi ya san ƙararsa a kan rufin ɗakinsa, wata rana da murna, wata rana da fargaba. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan samanmu ya jefa bam bisa kuskure a kan 'yan gudun hijira a Rann, mutane da yawa suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Mai haɗa samfur da ya haddace cewa Alpha Jet ya yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, ya je Yamai a 2013 saboda rikicin Mali, amma ya tsallake Rann, rabin karatu ya yi. Ni dai nawa, tankunan mai nake rataya musu a ƙarƙashin fiffike, bama-baman su zauna a firam.

Hajiya mai tausayin uwargida, kwantar da hankalinki. Mijin da ke haɗa jirgi an san inda yake da ƙarfe goma na dare, kuma in an kira shi zai amsa, sai dai ba zai iya miƙewa nan take ba in gam bai kama ba. Tambayi matan masu zaman majalisa ki ji. Kuɗi kam ana kashewa, tunda kwalin daga waje yake zuwa kuma dala ba ta da mutunci, amma kwali ɗaya kan cinye makonni, wani lokaci watanni. Sauran kayan aiki kuwa reza ce, da abin yanke farce, da hantsaki, da samfefa.

Saura gwaji, tunda gani ya kori ji. Sitikar jirgi a ruwa ake jiƙa ta, ta saɓule daga takarda, a turo ta da buroshi zuwa mazauninta. Siririya ce ƙwarai, numfashi mai ƙarfi kan naɗe ta, kuma in fentin ƙasa bai yi santsi ba iska ta maƙale a ƙarƙashinta ta riƙa ƙyalli. Duk mai cewa wasan yara ne, ya nemi kwali mafi araha na 1/72, ya haɗa, ya sa wa fukafukan kore-fari-kore ba tare da ɗaya ya karkace ba, ya turo min hoto. In ya yi kyau zan yaba masa a wannan shafi. In kuwa jirgin ya zauna a kan wutsiya, hoton ma zan buga, da sunan garinsu.