Ɗalibi Mai Gemu da Kofin Makaranta

Da zarar ruwa ya ɗauke a Bauchi, rake da ɗanyar gyaɗa suka cika kasuwannin Muda Lawal da Wunti, hazo ya fara leƙowa ta bayan duwatsu, akwai wata cuta da kan kama shugabannin makarantun sakandare, wadda likita bai san maganinta ba. Sunanta ciwon kofi. Alamunta a fili suke: firinsifal ɗin da tun watan Satumba bai tambayi inda aka jefa ƙwallon makaranta ba, sai ga shi ya kira malamin wasanni ofis, ya ba shi kujera har da shayi, yana nuna masa saman kabad inda ƙura ta zagaye gurbin kofin da aka ci tun zamanin mulkin soja. Gasa ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma umarni ya fito, ko ta halin ƙaƙa a dawo da kofi. A nan nake so in tsoma baki, ni da ƙafata ba ta san hanyar raga ba, amma idona ya san gemu in ya gan shi. Maganata guda ce, kuma na san za ta jawo mini harara: makarantar da aka lallasa da ci biyar da 'ya'yanta na cikin rajista ta fi riba a kan wadda ta ɗauko kofi da sojan haya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin makaranta ya san sojan haya. Shi ne ɗalibin da ba a gani ranar jarrabawa, ba a gani ranar shara, sai ranar wasan kusa da na ƙarshe ya sauko daga Keke Napep da takalminsa a leda, haɓa na sheƙi domin wanzami ya bi ta da aska tun asuba. An ara masa rigar makaranta, maɓallin ƙirji na neman agaji. An ara masa suna, an ce ya haddace. Aibin sunan aro shi ne ba ya amsa kira. Mai tantancewa ya ɗaga takarda ya kira sau ɗaya, shiru, sau biyu, shiru, sai a na uku malamin wasanni ya zungure shi da gwiwar hannu, ya zabura ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe!" da muryar da ta fi ta mataimakin firinsifal kauri. A tambaye shi wa ke koya musu lissafi, ya dubi sama kamar mai duban jinjirin wata. In ya haye wannan siraɗi, akwai wani a bakin layi, inda yaro mai hannu duk baƙin mai zai kutso cikin jama'a ya ce, "Oga, mai motar nan ya dawo, ya ce a ba shi makullinsa." Duk filin ya ji. Alƙalin wasa ma ya ji, amma ya riga ya sa usur a baki, kuma shi ma yana son komawa gida da haƙoransa cikakku.

Da abin ya tsaya a dariya, da na yi tawa na wuce. Sai dai wannan wasan yaran ya taɓa jawo wa ƙasa baki ɗaya abin kunya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasannin baya, wato mutum ɗaya an haife shi sau biyu. Aka ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 aka kai Fotugal, ba mu ga gasar a gida ba sai 1999, lokacin da filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ya shiga cikin filayen da aka buga ta. A kakar 2009, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, duniya ta sake zuwa wannan filin namu domin gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma a wannan gasar ce FIFA ta shigo da na'urar MRI mai ɗaukar hoton wuyan hannu. Hikimar mai sauƙi ce: ƙashin yaro yana da sauran wurin girma, na babba ya gama haɗewa, kuma ƙashi bai san hanyar kotun da ake rantsuwar shekaru ba. A 2016 na'urar ta kayar da 'yan wasanmu 26 ana gab da karawa da Nijar, maƙwabtan namu kuwa suka fitar da mu, alhali mu ne masu riƙe da kofin duniya na 2015. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma bakinsa a filin makaranta ake fara haƙa shi.

To, me ake nema a wasan makaranta tun farko? Amsar tana wajen fili fiye da cikinsa. A dubi ranar gasar gidaje, ranar da jan gida da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa ke fitowa fareti. Mako guda kafin ranar telan unguwa bai runtsa ba, yana ɗinka riguna yana rantsuwa gobe za a samu. An ja layukan tsere da farar ƙasa, sun karkace kamar hanyar maciji, ta yadda mai layin ciki ya fi kowa sa'a. Mai masa ta kafa tanda a gindin darbejiya, mai ruwan leda ya ninka jarinsa, ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karon rumfa, iskar hunturu kuma ta zo ta ɗaga rumfar daidai lokacin da babban baƙo, wanda ya makara awa biyu, ya fara cewa ba zai tsawaita ba. Yaron da ya zo na ƙarshe a tsere ya faɗi ya sanƙare don kawai a zuba masa gulukos a tafin hannu, da ya lashe ya miƙe garau. Sai tseren iyaye, inda Alhaji ya naɗe babbar riga a kafaɗa, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, ɗansa na ihu yana ɓoye fuska a lokaci guda. Duk mutanen nan abu ɗaya ya tara su: kowa ya zo ganin nasa. Uwar da ta rufe sana'arta ta yini guda ta zo ne ta ga ɗanta ya shiga fili, ko da zai harba ƙwallo ta faɗa gonar makaranta. Idan ta tarar da shi a benci yana gadin takalman wani ƙato, an cuce ta, kuma kofi ba zai biya ta ba.

Wannan tunani ba daga Turai muka aro shi ba. Kaka dama lokacin wasa ce a ƙasar Hausa: an cika rumbu, dare ya yi sanyi, sai kokawa da dambe da langa a dandali. A dandalin kokawa ana haɗa tsara da tsara, kuma 'yan kallo sun san ɗan wane ne ya fito, domin makaɗi zai ambaci ubansa da garinsu kafin ya kama ƙugu. Ba a aron uba a gaban kalangu. Da boko ta zo, ta zo da nata tsarin gidaje irin na makarantun kwana na Ingila, ta Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a wasan fayis, inda kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu kafin ya dawo koyarwa a Midil ta Bauchi a 1933, makarantar da Malam Aminu Kano ma ya koyar daga baya. Manufar wasa a irin waɗannan makarantu tarbiyya ce: yaro ya koyi bin doka, ya koyi jan ragamar 'yan uwansa, ya koyi shan kaye ba tare da ya ɗauki dutse ba. Dandali da makaranta sun sha bamban a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a nan, cewa wanda ya fito da sunanka dole ya zama naka.

Na san hujjar farko da za a kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Za a ce, malam, ka raina gemu, alhali akwai ɗalibi na gaskiya mai gemu. Haka ne. Akwai wanda ya sauke Alƙur'ani kafin a sa shi aji ɗaya, akwai wanda noma da kiwo suka riƙe a ƙauye, akwai wanda rashin kuɗi ya zaunar shekara biyu sannan ya dawo. Da yawa an haife su a gida, ba takardar haihuwa, shekarunsu sai a ce shekarar da aka yi fari ko shekarar da aka naɗa hakimi. Irin wannan in ya kai aji shida yana ɗan ashirin, jinjina ya cancanta, kuma ina neman afuwarsa a kan kanun rubutun nan. Amma hujjar tawa take ƙarfafawa. Gasar makarantu ba ta buƙatar MRI, domin tambayarta ba ta ƙashi ba ce, ta rajista ce. Yana zuwa aji? Monita ya san shi? An taɓa sa shi tsallen kwaɗo a bakin ƙofa saboda makara? In amsar e ce, ya shigo da gemunsa har ƙirji, marhabin. Ɗalibi mai gemu ya san sunan malamin lissafi, har da sunan da suke kiransa a bayan idonsa.

Hujja ta biyu ita ce ta malamin wasanni, wanda zai ja ni gefe ya ce kowa na yi, kuma in ka shiga da jarirai za a yi maka wankin babban bargo. Kofi ne ke sa tsofaffin ɗalibai su tuna da makaranta, shi ke sa mai kuɗin unguwa ya sayi raga da riguna. Ban ƙaryata shi ba, amma ya bi lissafin nasa har ƙarshe. In wannan makaranta ta ɗauko biyu, waccan za ta ɗauko huɗu, baɗi kuma wasan ƙarshe zai zama tsakanin makanikan wannan unguwa da mahautan waccan, ɗalibai na tafi a gefe. A wannan ranar kofin bai fi kuɗin da aka saye shi a shago ba. Sannan a dubi abin da gasar gaskiya ke haifarwa. Kofin firinsifal na Legas ya yi suna ne domin daga makarantu irin St. Finbarr's aka samu Stephen Keshi da Henry Nwosu, wanda yana matashi ya shiga tawagar da ta ci kofin Afirka a 1980. Bauchi ta karɓi bikin wasanni na ƙasa sau biyu, a 1991 da 2000, har wata unguwa ta gaji sunan Games Village, kuma ƙungiyar garin, Wikki Tourists, ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenareti. Gari mai irin wannan tarihi yana buƙatar sababbin ƙafafu kowace shekara. Daga ina za su fito in ɗan shekara goma sha biyar na zaune a benci, wanda ya kamata ya yi ritaya na gudu a madadinsa? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hujja ta uku ta masu ɗaga kafaɗa ce: wasa ne fa, ga WAEC da NECO a gaba, ka tsaya kana ƙirga gashin haɓa. Waɗannan su suka fi ba ni tsoro, domin sun manta yaro da ido yake karatu fiye da kunne. Ranar Litinin a taron safe an yi masa wa'azin gaskiya da riƙon amana. Ranar Alhamis malamin nan dai ya karɓi katinsa ya manna hoton wani a kai, ya ce in an tambaye shi ya ce zazzaɓi yake yi. Wane darasi zai riƙe? Ba banza ba wanda ake biya ya zauna wa wani jarrabawa shi ma sojan haya ake ce masa. Sana'a ɗaya ce, rigar aiki ce ta bambanta. Yaron da ya ga an sayar da sunansa don kofi, aka yi ta tafi, firinsifal ya ɗauki hoto, ba shi da dalilin jin kunya ranar da zai nemi wanda zai amsa sunan nan a ɗakin jarrabawa.

Maganin kuwa bai kai kuɗin hayar rumfa ba. Kowace makaranta ta miƙa sunaye da hotunan 'yan wasanta a makonnin farko na zango, tun ciwon kofi bai kama kowa ba, a haɗa da rajistar kiran suna. Ranar wasa a bar wa 'yan aji tantancewa, domin ba na'urar da ta kai ɗan aji uku iya tona asiri. A tambaye shi kawai, wancan ɗan ajinku ne, a ga yadda dariya za ta ƙwace masa. Makarantar da aka kama a ba ta hutun shekara, ta je ta horar da nata. Na yarda, shekarar farko za a sha kallo: mai tsaron gida zai rufe ido in ƙwallo ta taho, ɗan baya zai ci gidansu ya yi murna kafin ya gane, za a koma unguwa da ci biyar ana kuka ana cin masa da ƙuli. Amma kowane ci daga cikin biyar ɗin nasu ne, kuma bayan shekara talatin su za su dawo da tumbi da furfura su gyara wa makarantar rufi, suna musu a kan wanda ya jawo na uku. Sojan haya ba ya zuwa taron tsofaffin ɗalibai. Ko an gayyace shi, ba zai tuna sunan da zai rubuta a littafin baƙi ba. Gurbin nan na saman kabad kuwa, ranka ya daɗe, a ɗora fulas ɗin shayi a kai kafin yaranmu su girma.