Yadda Ake Jera Kwano Cikin Kwano a Python

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ya ga samira, babba ta haɗiye matsakaiciya, matsakaiciya ta haɗiye ƙarama, ya riga ya san rabin wannan darasi. Abin da masu Python ke kira kamus cikin kamus ke nan. Sauran rabin ciwon kai ne, kuma shi za mu raba yau. Kada sunan Python ya tsorata ka, ba mesa ba ce. Guido van Rossum, mutumin Holan da ya fito da harshen a 1991, daga shirin barkwancin Monty Python ya aro sunan. Tun asali da tsokana aka fara.

A ce ranar Babbar Sallah an ɗora maka rabon nama, an miƙo maka jeri: unguwa, gida, kaso. Fagge, gidan Liman, 2. Gwale, gidan Wanzami, 1. Burinka ka buɗe unguwa ka tarar da gidaje, ka buɗe gida ka tarar da kaso.

Da farko, yi gaggawa. Samu kamus fanko ka rubuta rabo["Fagge"]["Liman"] = 2. Nan take Python zai daka maka tsawa: KeyError. Kada ka yi fushi, gaskiyarsa ne, ka ɗauki nama za ka kai gida a unguwar da ko fili ba a yanka ba. Riƙe wannan tsawar da kyau, domin nan gaba za ka yi kewarta.

Dattijon cikin masu maganin wannan tsawa shi ne setdefault. Idan unguwar tana nan ya nuna maka, idan babu ya kafa ta sannan ya nuna: rabo.setdefault(unguwa, {})[gida] = kaso. Layi ɗaya cikin zagaye, aiki ya ƙare. Amma wa zai yaba maka a kan layi ɗaya?

Saboda haka sai ka ɗauko defaultdict, wanda ya shigo da Python 2.5 a 2006. Wannan mai karamci ne har ya wuce gona da iri. Ko tambaya ka yi a cikin baka mai kusurwa, ya gina ɗaki. Yatsa ya zame ka rubuta "Fage" a maimakon Fagge? Barka, Kano ta samu sabuwar unguwa, babu gida ko ɗaya, babu wanda ya ce uffan. In kana son ganin iyakarsa, sa shi ya riƙa haifar irinsa a kowane mataki, jika da tattaɓa-kunne duk na ƙarya.

Gwanin gwanaye kuwa shi ne dict.fromkeys(unguwanni, {}). A ido ya yi kyau, kowace unguwa da kwanonta. Ashe kwano ɗaya ne tal aka liƙa wa suna uku. Ka zuba wa Liman na Fagge, sai ga shi a Gwale, ga shi a Dala, kamar mai layar zana. Na taɓa kwana ina zargin kwamfuta da maita a kan wannan. Maganinsa {u: {} for u in unguwanni}, kowa a ƙera masa nasa kwanon, kishiyoyi ma haka ake zaunar da su lafiya.

Idan jerin biyu ne, sunaye daban kaso daban, zip zai aurar da su. Sai dai in ɗaya ya fi tsawo, na ƙarshe su koma gida hannu rabbana, shiru. Sai a 2021, a Python 3.10, aka kawo strict=True mai yin ƙorafi. Haka in Liman biyu ne a Fagge, na baya ya share na farko, ba sallama. Abin daɗi ɗaya: tun 3.7 kamus yana riƙe tsarin shigowa, Liman ba zai tsinci kansa bayan Wanzami ba.

Wani zai raɗa maka cewa rabo[("Fagge", "Liman")] ya wadatar, ba sai an yi bene ba. Yi kamar ba ka ji ba. Kai hawa bakwai, raɗa musu suna d, dd, ddd, kada ka bar bayani ko layi ɗaya, ka kashe waya, ka tafi yawon Sallah.